Gado da Buhun Wake

Gazawa, bayan girbi

Zuwa ga Yaya Usman a Arlit,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya. An kai gero rumbu, gari kuma ya cika da motocin 'yan siyasa, kowa da tutar jam'iyyarsa.

Maganar ƙanenmu Gado ce ta sa na ɗauki biro. Ka san ya rantse in bai sami aikin lodi a tasha ba, zai biyo ka can, ya bar Inna Habi da gona ba namiji a gida. Sarkin tasha kuma ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya cira buhun wake daga ƙasa ya aza shi kan mota a tashi ɗaya. Gado ya samo ƙarfen tsohuwar mota, ya ɗaura masa gwangwanayen siminti, kullum yana bayan ɗaki yana nishi kamar mai naƙuda. Da ya je gwaji, tun kafin ya taɓa buhun ya cije haƙora, ya ɗaure wuya, jijiyoyi duk sun tashi. Buhun ya tsaya masa a ƙirji. Ya dawo ko tuwo bai ci ba, ni kuwa hankalina ya tashi ƙwarai.

Da safe Inna tana daka ta kira shi, ta ce ya riƙe damtsenta. Ya ji shi da laushi, alhali turmi na amsawa har maƙwabta. Ta ce masa wanda ya damƙe taɓarya da ƙarfi kafaɗarsa yake daka, ba hatsi ba. Ƙarfi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ƙugu, in ya tarar da hannu a sandare sai ya tsaya nan. Ta ce ya saki kafaɗa, ya ja numfashi, kada ya ɗaure jiki sai lokacin da nauyin ya bar ƙasa. Yaya, shekarata nawa ina daka kusa da matar nan, ban taɓa lura ba! Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Ranar kasuwa ya koma. Ya tsaya kamar mai jiran shayi, har ana yi masa dariya, sai kawai aka ga buhu a kan mota. Har da na biyu ya ƙara, don fitina. Na yi murna har da hawaye.

Ka gaida Anti Latifa da su Munira da Mudassir. Kawu Alhassan yana gaishe ka. Inna ta ce in faɗa maka ka daina nema wa Gado wurin kwana, ɗanta yana gida.

Taka ƙanwa,
Balkisu