Allon Zayyanar Auta

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, Baba, ɗanka Sani ne, mai gyaran babur a unguwar Rumde Ajiya ta Garwa, wanda ka ce hannunsa bai iya komai ba sai ɓata riga.

Albishir na kawo maka. Bilki, autarka, ta sauke Alƙur'ani, kuma ranar Asabar za a yi walima a gida. Mu shida ka haifa, biyar kowa yana da allon zayyana da ka zana masa ranar saukarsa. Har ni, da sai da bulala na kai ƙarshe. Ita kaɗai ce ba ta da shi, don ka tafi tana izu goma. Ba ta yi ƙorafi ba. Amma na gan ta a ɗakin Inna tsaye gaban allunanmu tana shafa su da gefen mayafi, abin ya tsaya mini a rai.

Kawu Buba ya ce a je wajen masu kwamfuta a bugo mai ƙyalli, a manna, kowa ya huta. Na ce masa a'a a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Ni zan zana.

Na san da kana nan sai ka yi dariya har rawaninka ya karkace. Sau nawa ka zaunar da ni a zaure ka ba ni alƙalamin kara in fiƙe, da na ji ƙarar babur a waje in sulale?

Na farko da fentin gareji na yi shi. Inna ta shinshina sau ɗaya, ta ce ba a ɗora sunan Allah a kan abin da ke warin fetur. Ban yi musu ba. Ranar Lahadi na hau mota zuwa kasuwar Pitowa, na samo ƙaro da jar ƙasa a wajen wata tsohuwa Kirista da ke saukowa daga dutse. Ashe ta san ka. Ta ce kai ne malamin da ke lasar ƙasa kafin ya saya.

Na biyu ya fara da kyau. Ban ga abin da kake fitar da da'ira da shi ba, sai na ɗora boris ɗin babur na zagaye, kuma wallahi ta fito daidai. Amma na ɗauki baƙi na fara da shi. Ruwan ɗorawa na taɓa shi, duk suka haɗe suka koma kalar kwata. Ina kallon ɓarnar na tuna muryarka: "Ɗorawa tukuna, sannan ja. Baƙi a ƙarshe, Sani, ba ya son maƙwabci ɗanye." Sau ɗari ka faɗa mini, sai da na lalata takarda na ji.

Na uku ya bushe yanzu. Kusurwar hagu ta ɗan karkata, ba zan ɓoye maka ba. Abokinka Malam Hamadu ya rubuta Fatiha a tsakiya, don rubutuna bai kai nan ba. Saura sunanta a ƙasa.

Jiya Inna ta fito da gafakarka, wadda ba ta bari kowa ya taɓa ba tun rasuwarka. Kurtun tawadarka na ciki, ta daskare a gindi kamar ƙanzo. Malam Hamadu ya ɗiga ruwa, ya juya da tsinke, ta farfaɗo. Baba, ƙanshin zaurenka ne ya taso, na kasa riƙe hawaye. Ina kewarka ƙwarai.

Malam Hamadu ya ce tawadar za ta isa layi ɗaya, ba gwaji, ba gyara. Ya so ya rubuta mini, na roƙe shi ya bar ni. Tun jiya nake koyon sunanta a bayan kwalaye da tawa tawadar, yau ko sifana ban taɓa ba don hannun ya huta. Gobe bayan asuba zan zauna, kafin zafin Garwa ya busar da ita a bakin alƙalami.

Ina jin tsoro, amma zan rubuta. Ko ya miƙe ko ya karkace, ranar Asabar Bilki za ta riƙe allo mai ɗauke da tawadar da ka dama da hannunka, kamar sauran 'ya'yanka.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka ladan kowane harafi da ta karanta. Ni kuma Ya tsayar mini da hannu.

Ɗanka mai kewarka,
Sani