Inda Wuta Ta Ɗauke

Litinin, 4 ga Maris

Azumin Ista ya kama. Na dafa mujaddara, shinkafa da waken adas, mijina Tanyus bai ci ba. Yana wanke hannu, bai ko kalle ni ba, ya ce ƙungiyar kiɗansu za ta sake ɗaukar waƙar "Dutse Ya Mirgina". A hankali, da fiyano. Na ce, gangunan Yaya Nadim fa? Ya ce inji zai buga.

Inji!

Alhamis, 7 ga Maris

Na sa tsohon faifan ina guga. Shi ne na farkonsu, suna ɗalibai, a ɗakin da Baba ke jibge tulunan zaitun. Tanyus na gurnani kamar ana yanka sa, yayana na dukan ganguna har taga na rawa. Sunan Yesu suke kira, amma limamin cocinmu, Abuna Yuhanna, ya hau mumbari ya ce wannan kiɗan metal ɗin kukan aljanu ne, ko harabar coci kada ya gan su.

A tsakiyar waƙar wutar gwamnati ta ɗauke. Gita ta mutu, komai ya mutu, sai kwamfutar ɗaukar sauti da ke kan batir. Ganguna suka ci gaba su kaɗai, sai Yaya ya fashe da dariya: "Ya Maryamu, har a nan ma?" Janareton unguwa ya tashi, kiɗa ya dawo kamar rufi ya rufto. Haka suka bar shi. Duk garinmu Zahle, in suna wasa, matasa kan jira wurin su yi ihun maganar tare.

Tun hatsarin bara da ya yi ajalin Yaya, nan kaɗai muryarsa ta rage mini.

Lahadi, 17 ga Maris

A littattafan da nake karantawa, miji na kallon bayan matarsa ya san ta yi kuka. Nawa canza wayar gita yake.

Talata, 26 ga Maris

Mun yi faɗa. Ni na fara. Na lissafa masa: faifai na biyu kun sa garaya irin ta kakanni, na yi shiru, ya yi daɗi. Mai gitarku ya tafi Montreal, kuka rage gudu, na yi shiru. Yanzu ka aske gashi, ka wanke murya, saura ka sa kwat ka roƙi rediyo.

Ya ce, "Ke da littattafanki, Rima. So kike kowa ya mutu da baƙin ciki a shafin ƙarshe."

Na ce aƙalla su ba sa share matattu.

Bai rama ba. Da ma ya rama.

Asabar, 30 ga Maris

Ban buɗe littafi ba yau. Ban so ya gan ni.

Asabar, 6 ga Afrilu

Kamil mai fiyano ya zo ɗaukar wayoyi, Tanyus ba ya nan. Na ba shi gahawa ba sukari, da gangan.

"Uwargida, wannan gahawa ce ko hukunci?"

Na ce ta ɓarayin waƙa ce. Ya yi dariya, sai kuma ya ajiye kofin. Wai ba don rediyo ba ne. Wai tun jana'iza Tanyus bai sake iya gurnani ba. Sun gwada, sun sake gwadawa. Da an iso wurin dariyar nan sai ya fita ya zauna cikin mota. "Shi da Nadim tun suna masu riƙe kyandir a coci suke tare. Ke ƙanwa ce, kowa ya yi miki ta'aziyya. Shi wa ya yi masa?"

Ni ma ban yi masa ba. Ina kwana gefensa, sai mai fiyano ne zai gaya mini.

Amma duk da haka. Dariyar tawa ce.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Juma'a Mai Girma, ranar gicciye Yesu. Ƙararrawa shiru, sai katako ake bugawa. Bayan an zagaya da makarar furanni ta Yesu, Abuna Yuhanna da kansa ya ce su Tanyus su rera. Shi ɗin dai! Karon farko cikin coci.

Muryar Tanyus siririya, ban san yana da ita ba. Da aka nufo wurin na riƙe numfashi. Fiyano ta bi ta kai ta wuce, sumul, kamar ba a taɓa yin mutum a nan ba. Ko wutar ma ba ta ɗauke ba.

Mama ta damƙi hannuna tana kuka. "Yau na ji kalmomin, 'yata. Ashe abin da yayanki ke faɗa ke nan." Na so in ce da Yaya na nan, da tuni ya yi barci a benci.

A bakin ƙofa Tanyus ya ce, "Kin ji?" Na ce na ji. Na gyara masa wuyan riga. Iyakar abin da na iya ke nan.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ina tsinke ganyen inabi na kama kaina ina rera sabuwar. Amma na tsaya a wurin, na bar masa fili ya yi dariyarsa.

Laraba, 15 ga Mayu

Tanyus ya ci abinci sosai. Ya tambaye ni yadda littafina ya ƙare, na ce ba wanda ya mutu, ya ce to a mayar musu da shi.

Ina shanya na sake rerawa. Sai da na kai ƙarshe na lura ban tsaya ba.

Iska ce, kaya na neman faɗuwa, hankalina na can. Gobe zan sa tsohon faifan. Ko jibi.