Kunnen Auta da Ramukan Bayan Fiyano

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, ya aiki, ya sanyin can? Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta, faɗa kuwa ya dawo sabo. Maigidana yana gaishe ka, yara ma duk kalau.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Hankalina a tashe yake a kan Auta. Ban kira ka a waya ba saboda ka san kunnen yaron nan, ko raɗa aka yi a kicin yana ji daga ɗakinsa. Ka fi kowa sanin cewa tun da ciwon nan ya tafi da ganinsa yana ƙarami, kunnensa ne idonsa. Da shi yake tsallaka titi, da shi yake gane mutane, da shi kuma yake cin abinci tun da ka aiko masa da fiyanon lantarkin nan ya fara haɗa kiɗan talla.

Maƙwabta sun yi ƙorafin ƙara, shi ya sa kullum da hedifon, abin sauraron nan da ake sawa a kunne, yake aiki. To, ramin gaba da ake cusa hedifon ɗin ya saki, ya daina ba da sauti. Auta da rashin haƙuri, bai gaya wa kowa ba, ya lalubo bayan fiyanon da yatsa, ya sami wasu ramuka biyu, ya gwada ɗaya, kan wayar ya shige daidai. Sauti ya fito, amma a kunne ɗaya, siriri, a shaƙe, ba nauyi. Sai ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe ya bar shi a nan. Makonni yana aiki haka, shi kansa ya manta inda ya bar maɓallin, ba kuma ganinsa yake ba.

Da na gano, sai na kira mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Ya gyara ramin gaban, ya kuma yi mana bayani. Ya ce ramukan baya ba na kunne ba ne, na kai sauti ne zuwa miksa ko amfilifaya, wato na'urorin haɗa sauti da ƙara masa ƙarfi, ba su da ƙarfin tura hedifon. Ya ce akwai wani awo da ake kira om: na hedifon ɗin Auta talatin da biyu ne, su kuwa ramukan baya suna son na'urar da nata ya kai dubbai. In awon bai dace ba, sai sautin ya raunana ya ɓaci, kamar an ɗora wa yaro buhun babba. Ramin gaba kuwa yana da nasa ƙarfin a ciki, shi ya sa ba ya son a murɗa da yawa.

Bai kai ga duba maɓallin ba aka kira shi a waya, ya fita baranda. Ka san yadda Auta yake yi, hedifon yake fara sawa a ka don hannayensa biyu su sami damar laluben rami. Haka ya yi. Ya cusa a ramin da aka gyara, ya sauke yatsu goma a kan fiyano. Wallahi Yaya, ina kicin na ji ƙarar, daga cikin hedifon ɗin take fitowa! Na rugo na same shi zaune a ƙasa, ya riƙe kai da hannu biyu.

Tun ranar kunnensa na hagu yake ƙugi. Likitan kunne ya ce a jira, zai iya dawowa, zai iya kuma ƙin dawowa duka. Ya hana shi hedifon da duk wata ƙara. Shi kuwa gogan sai wasa yake, wai ya sami ƙudan zuma na haya a kansa. Amma na kama shi yana laluben akwatin da na ɓoye hedifon ɗin, wai akwai kiɗan da ya yi alkawarin kaiwa. Ni tsoro nake ji, tsoro sosai. In na hagun ya tafi, ya kuma yi wa na daman irin wannan, da me zai rayu?

Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi ka tsawata masa ya bar aikin nan sai likita ya yarda. Ka sa ya yi maka alkawari: ya rage ƙara tukuna, ya cusa wayar hedifon ɗin, sannan ya sa a ka, kuma kada ya sake kusantar ramukan baya da hedifon. Mai gyaran ya ce akwai ƙaramin amfilifayan hedifon da ake sawa a tsakani in dole sai an yi amfani da su, ka duba mana mai kyau. Ni dai na ɗiga gam a jikin maɓallin don yatsansa ya riƙa gane inda ƙasa take.

Jiya na shiga ɗakinsa da shayi ta gefen hagunsa. Yaron da tun daga bakin ƙofar gida yake gane takun silifas ɗina, na tsaya a kansa na yi magana, sai ya juya wajen taga yana tambaya ko wane ne. Na yi dariya na ce ni ce. Na wuce banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji kukana, sannan na tuna wataƙila ko ban buɗe ba ba zai ji ba.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, ka gaida Kawu in kun haɗu. Inna ba ta san zancen likita ba, kada ka taɓo mata. Allah ya sada mu da alheri. In ka kira shi, ka ce ya sa wayar a kunnen dama.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.