Ku Ba Fatalwa Takalmi

Juma'a, 2 ga Mayu

Auta ya aiko da tikiti biyu ta hannun Baban yara. Gobe ƙarfe huɗu za a fara nuna fim ɗinsa a tsohon silima na bayan tasha. Wai na ban tsoro ne, fatalwa ce ke yawo a bene.

Ba zan je ba. Fim ɗin da ya ɗauka a gidanmu, ya cika wa Inna tsakar gida da wayoyi da fitilu da 'yan mata masu farar hoda, ita kuma tana kwance ba lafiya. Na gaya masa a lokacin, a gaban mutanensa, na ce kai ka hana ta hutawa. Bayan ta rasu na sake gaya masa, da abin da ya fi wannan muni, wanda ko a nan ba zan rubuta ba. Wata goma sha huɗu ke nan, daga ina kwana sai lafiya lau. Ƙanena, wanda na goya.

Na danne tikitin da ƙafar keken ɗinki.

Asabar, 3 ga Mayu

Na je. Baban yara ne ya matsa, ya ce ko don idon mutane.

Silimar tana nan yadda na bar ta, tsufa kawai ta ƙara. Fankokin nan uku, ɗaya na juyawa, biyu na kallo. Kujerun katako masu kama bakin zane. Warin nan na ƙura da tsohon labule, ina shaƙa sai ga ni 'yar shekara tara, hannuna cikin na Baba, Inna a baya da Auta a kafaɗa. Mai tikiti ma shi ne dai, haƙoransa sun ragu. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "A'a, 'yar mai gyaran agogo!" Rabon da a kira ni haka har na manta.

Fim kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Jinin kamar ruwan rini. Bokan gemunsa na manne ne, yana tsafi gefe ɗaya na saki, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, riƙe gemunka, zai faɗa wuta!" Inuwar sandar makirfo tana ta kai da kawo a bango, ta fi fatalwar ban tsoro. Jarumin yana gudun ceton rai amma sai da ya tsaya ya ja ƙofa a hankali, don Auta ya san ƙofar kicin ɗinmu ba ta son bugu. Mutane tun suna tsaki har suka koma hira. Na ji kunya, na kuma ji wani daɗi marar kyau. Dama na faɗa.

Sai wurin nan. An kashe kiɗa, zaure ya yi tsit karo na farko. Fatalwa tana saukowa daga benenmu cikin farin mayafi, ƙafa ba takalmi, taki ɗaya, taki biyu. Sai aka ji tari daga gefe, inda kyamara ba ta gani. Sai murya:

"Kai Auta, ku ba yarinyar nan takalmi mana, ƙasa da sanyi."

Zauren ya fashe. Har da masu buga kujera. Wani yana cewa a maimaita, wata tana cewa wayyo cikina.

Inna ce. Daga ɗakinta. Baban yara ya ce farcena ya shiga hannunsa, ni ban sani ba. Na fito kafin a gama. Na ce masa ka je ka gaya wa Auta ya cire, bai ishe shi abin da ya yi mata da rai ba sai ya mai da ita abin dariyar gari.

Lahadi, 4 ga Mayu

Baban yara ya isar da saƙo. Wai Auta ya ce to. To kawai.

Talata, 6 ga Mayu

Maganar ta shiga gari. Mai kitso ta maƙwabtan shagona tun safe take yi wa duk wanda ya wuce, "Ku ba shi takalmi, ƙasa da sanyi!" Ba ta san uwar wa ce ba, ni ma ban gaya mata ba. Ta karanto mini abin da ake rubutawa a waya. Wani ya ce fim ɗin tauraro ɗaya ya ci, shi ma na tsohuwar ne. Wani ya ce ya shiga don ya tsorata ya fito da ciwon haƙarƙari. Na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na farke.

Abin da ban gaya wa kowa ba. Na fara manta muryar Inna. Kalmomin suna nan, duk faɗanta na haddace, amma in na tuno su da muryata suke zuwa. Inna ba ta yarda a ɗauke ta. Ka nuna mata waya sai ta ja mayafi ta ce ni ba rediyo ba ce. Hotonta biyu ne a duniya, murya kuwa ko ɗaya. Haka na ɗauka.

Kuma maganar ai tawa ce. Ni ake yi wa ita kowace safiya in na fito a guje ba takalmi.

Laraba, 7 ga Mayu

Na ce wa mai kitso ta duba mini shago zan je sayen zif. Silima na tafi. Mu goma sha biyar ne a ciki.

Wannan karon ban kalli 'yan wasan ba, bayansu na kalla. Agogon bangon Baba da ya tsaya tun shekarar da ya rasu, gidan mai gyaran agogo. Zanen biro a jikin ƙofa inda ake auna tsawonmu, nawa ya tsaya, na Auta ya wuce. Ƙusar da Inna take rataye maɓallai. Yanzu wasu ne a gidan, an ce sun yi fenti.

A minti na hamsin da biyu muryar take zuwa, na duba. Na rufe ido na saurara da kyau. Ba muryar mai jin jiki ba ce. Akwai dariya a ƙarshenta, irin wadda take dannewa in ta san ta yi ɓarna.

Na dawo ba zif.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sake zuwa. Kar a tambaye ni.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau zaure cike, har da na tsaye. Ba tsoro suka zo ji ba, dariya suka zo yi. Sun haddace komai. Kafin gemu ya saki sun fara ƙirga masa. Da fatalwa ta sako ƙafa, gaba ɗaya suka haɗa baki suka riga Inna, suka danne ta, ban ji ko tarin ba. Wani har ya jefa silifa gaban allo. Ban san lokacin da na miƙe na juya na ce, "Ku yi shiru mana, ku bar ta ta faɗa da bakinta!" Aka sake fashewa, sun ɗauka cikin wasan ne. Matar da ke gefena dai ba ta yi dariya ba, tana goge ido ta ce, "Wallahi kamar uwata."

A ƙofa mai tikiti ya tsayar da ni. Ya ce ranar Juma'a Auta zai kawo wanda aka gyara, an goge muryar. Ya ce shi bai so ba. "Kin manta yadda take yi a nan? Layi na huɗu, tana ta gaya wa jarumi ya waiwaya, ga mugu nan a bayansa. Mahaifinku yana cewa ba ya jin ki fa. Shekara da shekaru tana magana da fim, sai yanzu fim ya ji ta, kuma ku ce a cire?"

Na manta da wannan ɗin ɗungurungum. Har ta taɓa yin fushi da wani ɗan wasa mako guda saboda bai ɗauki shawararta ba.

Ya kuma ce kullum Auta yana zuwa. Yana tsayawa a bakin ƙofar baya, ya fice kafin a kunna fitila. To ya gan ni ke nan. Duk zuwan nan.

Litinin, 12 ga Mayu

Fatalwa ta zo shagona. Da rana tsaka, da jakarta, yarinya siririya mai kunya, wai ɗalibar koyon jinya ce. Ta ce tun Asabar ta gane ni, ta zo ta yi mini gaisuwar da ba ta samu yi ba.

Ta ce Inna ce ke tashin su aiki. In sun makara sai ta aika a tambaya ko yau ba a yin fatalwa. Takan sa a jingina ta da filo a bar ƙofa a buɗe. Auta ya ce shiru, za a ɗauka, ta yi shiru iya ƙarfinta, wanda bai wuce minti biyu ba. Ranar benen kuwa sai da aka tsaya, ta ba ta silifanta na roba shuɗi, ta ce ta sa tsakanin ɗauka da ɗauka. Suna wurinta har yanzu. Ta ce in ina so ta kawo.

Na ce ta riƙe, ita aka ba.

Ni fa da yamma nake zuwa lokacin, na tarar da ita a gajiye, na hau faɗa. Ban taɓa tambayar me ya gajiyar da ita ba. Ashe kallo take yi.

Laraba, 14 ga Mayu

Saura kwana biyu. Na rubuta saƙo sau uku na goge. Na ce wa Baban yara ya je ya ce wa Auta kar ya cire. Ya ce shi ya kai na farko, na biyu in kai da ƙafata. Mutumin nan in ya ga dama.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ɗakin aikin Auta ɗan ƙarami ne, saman shagon masu hoto. Tebur, kwamfuta, katifa a naɗe. Ya rame. Ya miƙe ya ce, "Yaya," ya rasa inda zai sa hannunsa. Sabon kwafin yana kan tebur, ya rubuta "gyararre" a jiki.

Na ce yaya aka yi ka bar abu irin wannan ya wuce, ba ka saurara ba ne? Da faɗa na fara, ban iya wata hanya ba.

Ya ce, "Sau arba'in da ɗaya ta yi magana a cikin ɗaukar. Na cire arba'in. Wannan na ji ta, Yaya, sau ɗari na ji. Hannuna ne ya ƙi."

Na ce arba'in ɗin suna ina. Ya ce suna nan, bai zubar ba, ya dai ji tsoron kawo mini. Ya ba ni abin saurare na sa a kunne. Tana gaya wa boka tsafinsa ba kan gado. Tana tambayar ko an ba mai fitila ruwa. Tana cewa jarumi ya waiwaya. Sai wata, a hankali, kamar mai raɗa: "Yayarku ta zo? Kar ku gaya mata na zauna, faɗa za ta yi."

Na yi dariya har ta juye ta zama wani abu. Shi ma. Ba mu dubi juna ba.

Na ce ka bar fim ɗin yadda yake. Ya ce suna mata dariya fa. Na ce da tana layi na huɗu ita za ta fi kowa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Fim ɗin har yanzu ba shi da kyau, na gaya masa. Na ce in zai sake, ya kawo gemun in ɗinka masa da zare.

Ya zo da hantsi, yara suka yi ta tsalle. Ban ce komai ya wuce ba, abin da na faɗa masa wancan lokacin yana nan, ban san ta inda ake ɗauko shi ba. Abinci kawai na ce ya zo ya ci. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya tako siminti, ban daɗe da gogewa ba, da danshi. Ina juya tukunya, ko waiwaya ban yi sosai ba, sai na ji bakina ya ce, kai Auta, sa takalmi mana, ƙasa da sanyi.

Ya tsaya cak. Ni ma.

Ya zura silifan Baban yara, sun yi masa yawa. Wai muryata ba ta yi kama da ta Inna ba. Ƙarya yake, na ga idonsa.

Gobe ƙarfe huɗu. Na ce ya daina tsayuwa a bakin ƙofa kamar ɓarawo, akwai wuri a layi na huɗu.