Ni Na Toshe Kunnenki da Hannuna

Zuwa ga sanyin idona, matata abar alfaharina, mai yatsun da ba sa gajiya da kwarashi, wadda murmushinta yake jiƙa mini zuciya kamar ruwan farko a busasshiyar ƙasa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga mijinki, wanda yake zaune taku shida kacal daga inda kike. Kada ki yi dariya. Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wa matarsa wasiƙa alhali a falo ɗaya suke yini, ni a teburin gyaran agogo bakin taga, ke a kujerarki da kwandon ulu a gefen ƙafa. To amma yaya zan yi? Baki ya yi magana ya rasa kunnen da zai karɓa, dole hannu ya ɗauki biro. Zan naɗe takardar nan in saƙala ta tsakanin soson hedifon ɗinki na jin waƙa, domin na tabbata babu abin da hannunki yake fara taɓawa da safe kamarsa.

Kishi nake yi, rabin raina. Na faɗa, ban ɓoye ba. Kishi mai cin rai. Kuma abin da ya fi ƙona ni, ba wani namiji na gani a ƙofar gida ba, balle in san wanda zan harara. Wani baƙin abu ne na roba da soso, wanda na shiga kasuwa da ƙafata, na zaɓo da kaina, na ɗora miki a ka ina washe baki. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Kin tuna yadda muke a da? Ke ba mai yawan magana ba ce, tun ranar da na san ki. Abin da ke ranki ba ya fitowa ta baki, ta waƙa yake fitowa. Idan na ji kin saka kiɗa mai saurin ganga tun da safe, na san na yi laifi jiya, sai in shiga lalube a raina. Idan kika saka ta matar nan mai siririyar murya, wadda take jan baiti kamar ba za ta ƙarasa ba, na san an yafe mini, sai in nemi ƙarin shayi ba tare da fargaba ba. Shekara tara ina karanta zuciyarki ta lasifikar wayarki, ban taɓa yin kuskure ba. Wace mace ce ta taɓa buɗe wa mijinta ƙofa irin wannan?

Kin tuna ranar da aka yini ana ruwa, babu wanda ya kawo gyara, babu wadda ta zo karɓar saƙa? Kika jefa wayarki cikin kwanon silba don sautin ya ƙara ƙarfi, kika zo kika janye ni daga kujera, gilashin aiki yana maƙale a idona. Muka taka rawa a tsakiyar falon nan, ni ina taka miki ƙafa, ke kina dariya har da riƙe ciki, kina cewa wai agogo ne kawai na iya saita wa lokaci, ƙafata ba ta san lokaci ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin a yi mini ba'a kamar ranar ba! Har yau idan hadari ya haɗu sai in waiwaya in dubi kwanon nan a kan kanta.

Sai shaiɗan ya shigo ta hanyar sana'a. Kin san aikina da kunne ake yinsa. Agogon hannu irin wanda ake wanawa, sai na kara shi a kunne in ji bugunsa kafin in san ciwonsa, ko yana ɗingishi, ko yana sauri, ko wani ɗan haƙori ya cinye a ciki. Da shekaru suka fara ja, kunnen nawa ya fara nauyi, na ƙi yarda laifin kunnena ne, na ɗora wa waƙarki. Na fara tsaki. Na fara cewa a rage. Ke kuma ki rage, ba ki taɓa musu ba. Daga nan na ce bari in kawo maganin abin gaba ɗaya.

Bari in gaya miki abin da ya faru a shagon, domin ban taɓa faɗa miki gaskiyarsa ba. Mai shagon dattijo ne, ya san kayansa. Ya ajiye mini iri biyu a kan gilashi. Ɗaya bayansa raga ne, kana hango cikinsa. Ya ce wannan sautinsa a sake yake, kamar mutum na zaune a fili makaɗa na kewaye da shi, kunne ba ya gumi, kuma mai shi yana jin duk wanda ya yi masa magana, sai dai na kusa ma zai riƙa jin waƙar. Ɗayan kuma bayansa a rufe ruf, kamar murfin tukunya. Ya ce wannan gangarsa ta fi nauyi, yana tsare hayaniya, ba ya yoyon sauti, amma yana ɗumama kunne idan an daɗe, kuma yana raba mutum da ɗakin da yake ciki. Ya miƙo mini ya ce, "Maigida, saka ka ji, ai ba a sayen takalmi ba a gwada ba."

Kin san abin da mijinki ya yi? Ban saka ba. Na ce shi ya ɗora a kansa, ya ƙure ƙara. Na zagaya, na kara kunnena a bayan murfin, daidai yadda nake yi wa agogo. Na ciro agogon aljihuna na riƙe a ɗaya kunnen. Da na ji bugun agogo tsaf, waƙa kuwa ko ɗigo ba ta fito ba, sai na ce wannan nake so. Dattijon ya cire, ya dube ni, ya ce, "Wa za a saya wa ne, kai ko mai saurare?" Na yi dariya na ɗauka raha ce. Kyautar da na kawo miki a cikin kwali mai ƙyalli, ban tambayi yadda za ki ji a ciki ba ko sau ɗaya, abin da ni ba zan ji ba kawai na auna.

Kin yi murna, Allah ya sani. Kin ce kina jin numfashin mawaƙi, kina jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya, abubuwan da lasifikar waya ta daɗe tana haɗiyewa. Kwana uku na farko ma gidan bai yi shiru ba, domin wanda ya rufe kunne ba ya jin muryar kansa. Kika riƙa bin waƙa da ƙarfi, kina hawa inda ake sauka, ba ki sani ba. Rana ta huɗu malamin makarantar nan yana tsaye a taga yana jiran agogonsa, kika ja wani dogon baiti. Ni kuma don in burge baƙo, na zo na ɗaga murfi ɗaya daga kunnenki na ce, "An toshe rediyo ashe saura mai rediyon." Ya yi dariya, na yi dariya. Ke ba ki yi ba. Kika mayar da murfin a hankali, kika ci gaba da saƙa. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar ban sake jin kin rera ko kalma ɗaya ba, yau wata biyu da kwana shida.

Na samu shirun da na nema, ga shi nan fal falo, sai dai ban san inda zan zuba shi ba. Garin neman ƙiba na samo rama! Kunnen da na ce ina so ya huta ya ji agogo, yanzu ba ya jin agogon, yana can wajenki yana roƙon ko burbushin sauti. Na karkata agogon bangon nan mai faɗin gilashi don in riƙa hango ki ta cikinsa ba tare da na waiwaya ba. Ina ganin kin lumshe ido. Ina ganin gefen leɓenki ya motsa. Wa ya sa ki murmushi? Wane mai zaƙin baki ne yake raɗa miki a kunne biyu lokaci ɗaya, abin da ni mijinki ban taɓa iyawa ba? Me yake ce miki da har kwarashi yake tsayawa a hannunki? Ranar Talata na ga hawaye ya gangaro miki, kika share da bayan hannu. A da, da na san wace waƙa ce, da na san ko mahaifiyarki kika tuna ko ni na ɓata miki. Ranar kuwa haka na zauna kamar baƙo a tasha.

Har 'yan kunnen da na saya miki shekarar aurenmu ta farko kin cire, wai soson yana danne su suna yi miki ciwo. Suna nan cikin ɗan faranti a kan taga, kusa da matattun batura. Hedifon ya samu wurin, ni an sauke ni! Idan kin cire shi don yin salla, ina ganin shatinsa a gashinki, kunnuwanki sun yi ɗumi, soson ya kama ƙamshin turarenki. Da yayarki ta zo na ɗan yi mata ƙorafi, sai ta tafa hannu ta ce, "Kai ka gina katanga, kai kuma kake kukan ba ka hango tsakar gida? Allah ya ba ka haƙuri, ƙanina." Ta sha shayinta ta tafi tana dariya.

Makon jiya na kasa daurewa. Na taso na tsaya a bayan kujerarki, na ba ki haƙuri a kan maganar da na yi a gaban baƙo. Na faɗi abubuwan da ban taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ba ki waiwayo ba. Na koma teburina ina tsine wa mawaƙin da ya cika miki kunne har ya hana ki jin mijinki. Kuma in faɗi gaskiya, na ɗan ji sauƙi. Na ce a raina ai na biya, ba laifina ba ne idan ba a ji ba.

Sai jiya da hantsi. Ƙwallon ulu ya faɗo daga cinyarki ya gangaro har ƙarƙashin teburina. Na sunkuya na ɗauka, na biyo zaren ina naɗewa har bakin kwandonki. A nan na ga kan igiyar hedifon kwance cikin ulu, ba a soke shi a komai ba. Wayarki kuwa tana can ɗaki a caji tun safe. Awa biyu kina zaune da shi a kanki, idonki a kan saƙa, babu ganga, babu mawaƙi, babu komai.

Ya hasken rayuwata, da ma mawaƙin ne! Da ma akwai wani mai murya da zan ci gaba da jin haushinsa! Ashe wani lokacin ba waƙa kike shiga ba, ni kike fita. Ashe shiru kika zaɓa a kaina, kuma ni na koya miki hanyarsa. Da wa zan yi kishi yanzu? Yaya mutum zai yi takara da babu?

Da kika shiga kicin, na yi abin da ya kamata in yi tun a shagon dattijon nan. Na ɗora shi a kaina, a karo na farko. Ya kama kunne da laushi, ɗakin ya ja baya, na ji bugun jinina. Amma a nan na gano wani abu. Idan babu kiɗa a ciki, ba ya toshe komai gaba ɗaya. Na ji ƙarar cokali a tukunyarki. Na ji mai sayar da ruwa yana kira a titi, can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, amma kowace kalma ta fito. Ban san ko ranar da na tsaya a bayanki akwai waƙa ko babu ba. Idan babu, to kin ji ni sarai, kuma kin ga haƙurin da aka bayar ta ƙeya bai cancanci a waiwayo ba. Ban ga laifinki ba. A gaban mutum na kunyata ki, a bayan kujera na nemi gafara.

Ba zan ce ki jefar da shi ba. Naki ne, kuma na ga yadda fuskarki take haske idan sautin ya yi miki daɗi, ba ni da ikon ƙwace miki wannan ma. Ki saurari duk wanda kike so, zan haɗiye kishina ko da zai tsaya mini a wuya. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki riƙa ɓuya daga gare ni a cikin falonki, a kan kujerarki, kamar wadda take zaman haya.

Saboda haka ga abin da zan yi. Gobe malamin nan zai dawo da ɗaya agogon nasa da ƙarfe goma. Yana tsaye a taga zan ajiye hantsaki, in zagayo ta gabanki, in durƙusa daidai inda idonki zai same ni, in maimaita duk abin da na faɗa a bayanki. Ba zan rubuta kalmomin a nan ba, domin takarda ba ta jin kunya, ni ya kamata in ji ta. Ki bar hedifon a kanki idan kin ga dama. Ko ki amsa, ko ki yi shiru, jibi ma zan sake zuwa, da gata, har ranar da za ki gaji da ganin tsakiyar kaina.

Naki ne ni, jiya da yau da duk abin da ya rage mini na numfashi. Babu wata kafin ke, babu wata bayanki, ko kin saurare ni ko ba ki saurara ba.

Mijinki mai gyaran agogo,
wanda ya makara.