Gyaran da Na Ɗora wa Zainab

Litinin, 8 ga Mayu

Zainab ta zo sayen humra. 'Yar marigayiya Aminat ce, maƙwabciyata, a bayana ta girma. Duk unguwarmu ta Mandawari an san zaman kanta take yi a wajen gari, ni dai ban taɓa tambayarta ba. Ta rame. Da za ta zauna sai da ta cije leɓe.

Alhamis, 11 ga Mayu

Ta dawo, wai in haɗa mata turaren tsugunno, ciwon sanyi ya dame ta. Na ce turarena ƙamshi ne, ba magani ba. Na yafa mayafi na raka ta asibiti.

Malama Khadijat, ma'aikaciyar jinya, ta yi mata allura. Ta ce a wajen maza ta ɗauka, kuma ba wannan ne na farko ba. In ba ta kiyaye ba, na gaba ba lallai ya zama mai warkewa ba. Ta miƙo mata kwalin kwaroron roba. Yarinyar nan ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce, "A bar shi, Malama." Ni ma gefe na kalla. Haka muka taho.

Asabar, 20 ga Mayu

Ina soya turare, hankalina na kan kwalin nan. Ashe kunyata ta ji. Ba na son sana'arta, Allah ya sani. Amma ita ina son ta, kuma ba na so a kira ni in yi mata wanka kamar yadda na yi wa uwarta.

Laraba, 24 ga Mayu

Na koma asibitin ni kaɗai, na ce kwalin nan na zo karɓa. Malama Khadijat ta kwashe da dariya: "Inna, ke da furfurarki?" Na ce ba ni dai. Ta ce in ajiye nesa da kaskon wuta, zafi yana lalata shi.

Juma'a, 2 ga Yuni

Zainab ta zo, jiki ya yi kyau. Na ƙulle mata humra, na tura kwalin a ƙasan ledar. Ta ji taurinsa a hannu, ta leƙa.

"Inna, wannan fa?"

Na ce gyara ne, kowa ya sayi kayana ina ɗora masa.

Har ta kai zaure ta dawo, ta kwantar da kanta a cinyata kamar tana ƙarama.

Na share gefe guda a ƙasan kwabata, can nesa da wuta, inda zan riƙa ajiye kwalayen. Don dai kada wurin ya zauna haka nan ne.