Bakan da Muka Tsaya a Ƙarƙashinsa

Zuwa ga aminina Bulus Kafinta,

Gaisuwa mai yawa daga Madina, daga ɗan ɗakina mai kallon Dutsen Uhudu. Na san takardar nan ba za ta zo hannunka ba. Ko kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, tunda da ajami nake rubutu, wanda ka ce kamar kaji ne suka yi dambe a kan yashi. Magana ce ta cika mini ciki, kuma duk faɗin garin nan ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

A kaset labarin rasuwarka ya iso mini. 'Yarka Rifkatu ce ta ɗauki muryarta, ta ba wani alhajin unguwarku ya kawo. Na bar ta tana tallar gyaɗa a ƙofar shagonka, yanzu sai ga muryar babbar mace tana kirana Baba Idi. Ta ce da farkon damina ka tafi, jinyar ba ta yi tsawo ba. Na kashe rikoda na yi kuka, Bulus, kuka sosai, har maƙwabcina Bacade ya leƙo ya ga ko lafiya. Da na sake kunnawa sai na ji ta shiga maganar cocinku, kuma maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna yadda wurin yake tun farko? Kai ka ba ni tarihinsa. Ka ce da rumfar ciyawa aka fara, lokacin da dogo ya iso gari, ma'aikatan jirgin ƙasa suka rasa wurin ibada. Daga baya aka yi na laka da rufin kwano, wanda in ana ruwa ba mai jin huɗuba. Sai bayan yaƙin Hitila Fada mai jan gemu ya zo da zanensa a naɗe, ya ce irin na garinsu yake so: na dutse, shimfiɗarsa kamar gicciye, da hasumiyar ƙararrawa a gaba, da tagogi dogaye masu tsini. Ni kuwa ɗan magina ne, kakannina bakan gizo suka sani, na azara da laka, mai zagaye kamar ƙwarya a kife. Da na ga zanen na ce wannan baka mai tsini ya cika girman kai, sai nuna sama yake yi. Ka yi dariya ka ce ai aikinsa ke nan, Sarkin Laka ne bai gane ba. Sunan ya bi ni har na bar gari.

A wurin aikin nan na koyi cewa baka mai tsini ba ya ture bango kamar namu, nauyinsa ƙasa yake gangarawa. Sauran da ya rage kuma ginshiƙan da muka jingina wa bangon ta waje su ɗauke. Shi ya sa aka iya huda bango da manyan tagogi ba tare da ya ji jiki ba. Ranar da aka ɗaura gilasan nan masu launi, da wannan taga mai zagaye ta saman ƙofa, na tsaya da kwanon siminti a kai ina kallon ja da shuɗi suna yawo a kan ƙafafuna. Ban taɓa shiga don ibada ba, kai ma ba ka taɓa cewa in shiga ba. Azahar na yi kai ne mai tuna mini, ka miƙo buta, ka ce in je in gai da Makka.

Babban bakan tsakiya shi ne nawa. Kai ka ƙera gadon katakon da muka jera duwatsu a kansa, ni na sa dutsen ƙarshe a tsinin, wanda muke kira makulli. Ka san al'adarmu ta magina: wanda ya sa makulli shi ke tsayawa a ƙarƙashi ranar da za a zare tokare. In aikinsa na ƙarya ne, kansa zai fara biya. Ranar na ji tsoro, don ban taɓa ɗaure dutse da dutse a sama haka ba. Aikinka shi ne ka bugi katakan su sauka, kana gefe, lafiya lau. Sai kawai ka miƙa wa wani gudumar, ka tako ka tsaya a damana, ka harɗe hannu kamar mai jiran mota. Katako ya sauka, ƙura ta zubo mana a ka, baka ya tsaya. Me ya kai ka, Bulus, kana da mata da jaririya? Ban taɓa tambayarka ba, ban kuma taɓa ce maka na gode ba. Mun wuce mun sayi rake kamar ba a yi komai ba.

Yanzu Rifkatu ta ce bakan ya tsage. Indararon rufi ne ya toshe, ruwa ya yi ta tsatsafowa shekara da shekaru har makullin ya zame. Ta ce da sauran ƙarfinka ka sake ƙera gadon katako ka tokare shi, ka kuma bar wasiyya kada kowa ya taɓa sai Idi ya zo. Tun lokacin masu ibada ke kewaya katakanka kafin su zauna. Sabon Fada ya yi haƙuri iyakar yi, amma ya ce in Kirsimeti ya zo ba a gyara ba, za a sauke bakan a zuba kankare miƙaƙƙe a madadinsa. Ban ga laifinsa ba, rayukan mutane ne a wuyansa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ka san abin da ya zaunar da ni a nan. Na zo aikin hajji na maƙale, ina gina katangu da 'yan shaguna a gindin Uhudu, ba don daɗin aikin ba, sai don in mutu a garin Manzo a sa ni a maƙabartar Baƙi'a. Duk tsohon Bahaushen da ka gani yana jan ƙafa zuwa Harami, wannan ne burinsa. Na je wurin kafili, wato Balaraben da takardar zamana ke hannunsa. Ya ce shekaruna sun ja, in na fita ba zai iya sake shigo da ni ba. 'Ya'yana kuwa, da in na yi musu Hausa su amsa da Larabci, da na ce zan koma gida sun ɗauka gigin tsufa ne. Ban gaya musu ginin me zan je gyarawa ba. A nan ban taɓa gaya wa kowa cewa na gina coci ba.

Na yi ta yawo da abin a raina. Ana faɗaɗa Harami yanzu, tsofaffin gidajen baƙin dutse sai faɗuwa suke yi a gaban katafila, kuma alheri ne, alhazai sun yi yawa. Amma duk bakan ƙofar da na ga ya kife sai in ce, wa ya tsaya a ƙarƙashin wannan ranar da aka zare masa tokare? Wa ya tsaya tare da shi? Na tambayi wani ɗalibin jami'a ɗan ƙasarmu game da aboki Kirista da ya rasu. Ya ce akwai addu'ar da ba zan yi maka ba, ban kuwa yi musu ba, ya fi ni karatu. Na bar ka ga Wanda ya yi mu duka. Amma ya ce amana amana ce, ko ta wane ne.

Na karɓi bizar fita, Bulus. Zan bi jirgin alhazan ƙarshe. Jiya bayan la'asar na je na tsaya a bakin katangar Baƙi'a na daɗe, na yi wa mamatan cikinta sallama. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma ƙasar da za ta rufe mutum ba shi ke zaɓenta ba, kuma Wanda nake tsoro ya san hanyar kowane kabari.

Ƙarfina ya ragu yanzu, sai dai in nuna wa yara su ɗaga duwatsun. Makullin dai ni zan sa. Rifkatu ta ce ranar zare tokare za ta tsaya a madadinka, na aika mata cewa ba ta isa ba, tana da 'ya'ya. Ni kaɗai zan tsaya, zan kuma ɗan matsa hagu in bar maka wurinka.

Na gode, Kafinta. Sai mun tsaya a gaban Mai hukunci.

Naka har kullum,
Idi, Sarkin Laka